Kwana 20 na Fashi: Nazari kan Sashen Walwalar Ɗalibai na Ƙasar Ayalan

A Jamhuriyar Ayalan (Ireland), duk yaron da ya yi fashin makaranta har kwana 20 a shekarar karatu guda, doka ta wajabta wa shugaban makarantarsa ya sanar da hukuma. Ba sai kwanakin sun zo a jere ba. Lissafin kuma ba ruwansa da dalili. Ko ciwo ne ya kwantar da yaron, ko yawo ya shiga, ko iyayensa ne suka yi bulaguro da shi, da zarar adadin ya cika sai sunansa ya bar ofishin makaranta ya isa hannun gwamnati. Wanda aka ɗora wa bibiyar irin waɗannan yara shi ne jami'in walwalar ɗalibai. Sashen da jami'an ke aiki a cikinsa shekararsa 20 da 'yan kai da kafuwa, amma an sha ɗaga shi daga wannan ma'aikata zuwa waccan, an haɗa shi da wasu shirye-shirye, an sake masa suna. Wannan nazari ya bi sawunsa ne don a ga me aka kafa shi ya yi, yaya aka tsara shi, kuma a wane lokaci taimakonsa ke isa ga yaro.

Abin da aka gada

Kafin shekarar 2000, dokar 1926 ce ke aiki. Ita ta tilasta karatu daga shekara 6 zuwa 14, a 1972 kuma aka ɗaga zuwa 15. A 'yan manyan birane irin su Dablin da Kok akwai jami'ai na musamman masu duba zuwa makaranta. A sauran ƙasar kuwa 'yan sanda aka bar wa aikin. Wato idan yaro ya daina zuwa aji, ɗan sanda ne zai yi sallama a ƙofar gidansu. Abin bai tsaya nan ba, domin kotu tana da ikon tura yaron da ya ƙi makaranta zuwa makarantun horo na kwana, waɗanda ƙungiyoyin addini ke gudanarwa da kuɗin gwamnati. Rahoton binciken gwamnati na 1970, wanda ake kira rahoton Kennedy, ya soki yadda ake tafiyar da waɗannan wurare, wani binciken na 2009 mai suna rahoton Ryan kuma ya fallasa azabar da yara suka sha a cikinsu. Fashin makaranta yana cikin dalilan da suka kai wasu yaran can.

Na tsaya a kan wannan tarihi ne saboda bai mutu ba. A gidajen talakawa da yawa akwai kakan da ya san wani da aka ɗauke. A wurin irin wannan iyali, baƙon da ya zo da maganar fashin makaranta mutum ne da zai iya raba ka da ɗanka. Duk jami'in da aka ɗauka aiki bayan 2000, da wannan tsoron ya tarar da mutane, ko ya sani ko bai sani ba.

Dokar 2000

Sabuwar dokar walwalar ilimi ta 2000 ta zo ne da nufin sauya wannan fuska. Ta cire 'yan sanda daga aikin. Ta ɗaga shekarun barin makaranta zuwa 16, ko kammala shekara 3 na sakandare, duk wanda ya zo daga baya. Ta kafa hukuma guda ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka fi sani da NEWB, ta fara aiki a 2002 a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi.

Mutane sun fi riƙe ɓangaren dokar da ya shafi iyaye. Wajibi ne uba ko uwa su sanar da makaranta dalilin fashin ɗansu. Idan jami'i ya yi iya ƙoƙarinsa ya ga iyaye ba su da niyyar gyarawa, sai a ba su takardar gargaɗi ta hukuma. Wanda ya yi biris da ita ana iya gurfanar da shi a kotu, ya fuskanci tarar da za ta iya kai yuro 1,000, ko ɗaurin da bai wuce wata guda ba.

Amma a ganina inda dokar ta yi hikima shi ne ɗaya ɓangaren, wanda ya ɗaure makaranta. Shugaban makaranta ba shi da ikon goge sunan yaro daga rajista don kawai ya daina ganinsa. Sai ya sami tabbacin cewa an yi wa yaron rajista a wani wuri. Idan aka dakatar da ɗalibi kwana 6 ko fiye, dole a sanar da jami'i. Idan hukumar gudanarwar makaranta ta yanke shawarar korar yaro, sai ta rubuta wa jami'i, sannan ta jira kwana 20 na karatu kafin korar ta tabbata, a tsakanin nan jami'i ya tara kowa a zauna. Yaron da aka kora ko aka ƙi karɓa, nauyin hukuma ne ta yi bakin ƙoƙarinta wajen samo masa gurbi. Kowace makaranta kuma sai ta rubuta dabarunta na ƙarfafa zuwa aji, da ƙa'idojinta na ladabtarwa. Tsarin mulkin ƙasar ya amince cewa iyali ne malamin farko na yaro, don haka dokar ba ta hana karantar da yaro a gida ba, sai dai a yi masa rajista a duba ko yana samun mafi ƙarancin ilimin da ya cancanta.

Ke nan an tsara jami'in ya fuskanci gefe biyu. Yana iya ce wa uwa, "ɗanki yana da haƙƙin karatu," yana kuma iya gaya wa shugaban makaranta wannan maganar. Duk wanda zai auna wannan sashe, da wannan ya kamata ya fara auna shi.

Ƙaura bayan ƙaura

Hukumar ta fara ne da ƙarancin ma'aikata, kuma matsalar ba ta rabu da ita ba. Makarantun firamare da sakandare na ƙasar sun kusa 4,000, jami'i guda yana riƙe da gomman makarantu. Sai ga durƙushewar tattalin arziki a 2008, a 2009 gwamnati ta dakatar da ɗaukar ma'aikata. A wannan shekarar ce kuma aka faɗaɗa aikin hukumar, aka sa wasu shirye-shirye uku a ƙarƙashinta: shirin sada gida da makaranta, shirin kammala karatu, da malaman da ke ziyartar iyalan Travellers, wata al'umma ce 'yar asalin ƙasar mai al'adar ƙaura, wadda yaranta suka fi kowa barin makaranta da wuri. Wannan na uku bai daɗe ba, an soke shi a 2011 cikin matakan tsuke bakin aljihu.

A 2011 aka kafa ma'aikatar yara da matasa, Frances Fitzgerald ta zama ministarta ta farko, aka cire hukumar daga ma'aikatar ilimi aka kai ta can. Ranar 1 ga Janairu 2014 aka rushe ta gaba ɗaya, aka narkar da aikinta cikin sabuwar hukumar yara da iyali mai suna Tusla, tare da ma'aikatan kare yara da aka kwaso daga hukumar lafiya. A 2019 aka ba sashen suna TESS. A farkon 2021, zamanin minista Norma Foley, aka mayar da ikon tsara manufofinsa ga ma'aikatar ilimi, amma ma'aikatan suka ci gaba da zama a Tusla.

Kowace ƙaura tana da hujjarta, kuma ba hujjar banza ba ce. Masu goyon bayan Tusla sun ce fashin makaranta galibi alama ce ta wani abu da ke faruwa a gida, don haka gara jami'in walwala ya zauna inuwa ɗaya da ma'aikatan da ke tallafa wa iyali. Masu son a koma ma'aikatar ilimi sun ce makarantu ba sa jin maganar kowa sai ta wanda ke biyan albashin malamai yake kuma aiko musu da takardun umarni. Duka biyu sun faɗi gaskiya. Sai dai akwai farashin da ba a cika ambata ba. A kunnen iyaye da yawa, Tusla ita ce hukumar da ke karɓe yara daga hannun iyayensu. Wasiƙa mai ɗauke da tambarinta tana tayar da hankalin uwa tun kafin ta buɗe ambulan. Aikin da aka cire daga hannun ɗan sanda don a kawar da tsoro, sai ga shi ya koma gidan da sunansa kaɗai ke firgita mutane. Sannan a hukumar da ke fama da yaran da rayuwarsu ke cikin haɗari a daren yau, yaron da ya yi fashin Litinin uku ba zai taɓa zama na gaba a layi ba, kuma babu mai hankalin da zai ga laifin haka.

Rassa uku, iyayen gida daban-daban

Yau sashen yana tafiya ne da rassa uku. Na farko jami'an walwala, su ne masu ikon doka, kuma aikinsu ya shafi kowace makaranta a ƙasar.

Na biyu shi ne shirin sada gida da makaranta, wanda ya faro tun 1990. Ana ɗaukar malami daga cikin malaman makaranta, a sauke masa koyarwa na wasu shekaru, aikinsa ya koma hulɗa da iyaye: ziyartar gidaje, shirya musu darussa, buɗe musu ɗaki a cikin makaranta inda za su zauna ba tare da an kira su don laifi ba. Ba ya ɗauke da takardar gargaɗi, ba ya kai kowa kotu. Ma'aikacin makarantarsa ne, shugaban makaranta ne ubangidansa.

Na uku shirin kammala karatu na 2002, mai aiki da yaran kai tsaye: karin kumallo kafin shiga aji, wurin yin aikin gida bayan an tashi, shirye-shiryen lokacin hutu, da zama da yaro shi kaɗai idan ya fara zamewa. An kafa shi ne rukuni-rukuni, makarantu kaɗan su haɗu ƙarƙashin kwamitin yankinsu. Wannan ya ba shi sassauci, amma ya bar ma'aikatansa a hannun masu ɗaukar aiki iri-iri, da sharuɗɗa mabambanta. Cibiyar bincike ta ESRI ta yi bitar shirin a 2015, ta nuna cewa makarantu suna jin amfaninsa, ta kuma nuna yadda zaftare kuɗi ya rage ayyukansa da yadda tsarin shugabancinsa ke buƙatar gyara.

Abin lura shi ne rassa biyun nan na ƙarshe, masu zuwa da wuri kuma hannu sake, sun fi karkata ga makarantun da ke cikin shirin DEIS, wanda aka ƙaddamar a 2005 don unguwannin da talauci ya fi yawa. An faɗaɗa shirin a 2022 ya kai makarantu kusan 1,200 da ɗalibai sama da 240,000, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Wannan ci gaba ne. Amma talauci ba ya bin taswira. Yaran da ke cikin matsi suna nan da yawa a makarantun da ba sa cikin shirin, su kuma reshe ɗaya kawai ya rage musu, wanda ke zuwa a makare, da doka a aljihu.

Yarinya ɗaya, daga Satumba zuwa Mayu

Don a ga yadda tsarin ke aiki a ƙasa, mu ɗauka wata yarinya ce mai shekara 13, a shekararta ta farko a sakandare. Mai gidan da suke haya ya sayar da gidan, aka ba ta da mahaifiyarta da ƙannenta biyu masaukin gaggawa a ɗakin otal guda, can wani gefen birni. Irin wannan hali ba baƙo ba ne ga dubban yara a ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Kafin ta isa makaranta sai ta hau bas biyu, kuma ita ke raka ƙaramin ƙanenta tasa makarantar.

A Satumba makara take yi. Malamar ajin tana gani, tana rubutawa. A Oktoba sai ta fara fashin Litinin, domin a ƙarshen mako suna zuwa gidan kakarta inda ake iya wanki da girki, dawowar safiyar Litinin kuwa ba ta yiwuwa. Makaranta ta aika saƙon waya, uwar ta amsa da "ba ta jin daɗi". Ba ƙarya take so ta yi ba, kunya ce ta hana ta faɗin inda suke kwana. A Nuwamba yarinyar ta zo ba ta yi aikin lissafi ba, saboda a ɗakin babu teburi, ƙannenta kuma na barci da wuri sai a kashe fitila. Aka yi mata faɗa a gaban aji. Washegari ba ta zo ba. Daga nan fashin ya daina zama na mota, ya koma na zuciya: kullum ta dawo sai ta tarar an wuce ta, kullum aka wuce ta sai dawowar ta ƙara yi mata nauyi.

Idan makarantarta tana cikin DEIS, akwai yiwuwar tun a Oktoba malamar sada gida ta nemi uwar, su zauna, gaskiya ta fito. Sai a gaya wa malaman abin da ya kamata su sani, a ba yarinyar wurin yin aikin gida kafin ta kama hanya, a daina yi mata faɗan makara. Ba a samo musu gida ba, amma an riƙe ta.

Idan ba ta ciki, lissafi ne zai yi ta tafiya har ya kai 20, wataƙila a Fabrairu. A nan ma akwai abin da mutane ba su cika sani ba: shigar sunan yaro cikin rahoton kwana 20 ba shi ke kawo jami'i ba. Makarantu suna aika waɗannan rahotanni ne a lokutan da aka ƙayyade a shekara, kuma sunayen da ke ciki sun fi ƙarfin a bi su ɗaya bayan ɗaya, da yawansu ma ciwo ne na gaskiya. Sai makaranta ta cike wata takarda daban ta neman a sa baki, ta nuna matakan da ita kanta ta ɗauka tukuna. Takardar ta je ofis, a auna ta da sauran. Yaron da ba shi da gurbi a kowace makaranta, da wanda ake shirin kora, su ne a gaba. Yarinyarmu tana da gurbi, tana leƙowa jefi-jefi, don haka sai ta jira.

Ranar da jami'i ya samu zuwa, a ce a Afrilu, zai tarar da yarinyar da ta riga ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita ba ta karatu ba ce. Zai saurara, zai kira taro da uwa da makaranta, a rubuta shiri: wa zai tarbe ta da safe, waɗanne darussa za a fara cike mata, yaushe za a sake zama. Jami'i nagari yana iya yin abu mai yawa da wannan kaɗai, musamman idan ya sa makaranta ta ga abin da ba ta gani ba. Amma ba shi da gida da zai bayar, ba shi da likitan ƙwaƙwalwa a hannunsa, waɗannan duk wasu layuka ne a wasu hukumomi. Kayan aikin da doka ta damƙa masa kai tsaye, wanda ba sai ya roƙi kowa ba, shi ne takardar gargaɗi. Kuma babu abin da takardar gargaɗi za ta yi wa uwar da ke kwana da yara uku a ɗaki ɗaya sai ƙara mata tashin hankali.

Bayan korona

An rufe makarantun ƙasar ranar 12 ga Maris 2020. Da aka dawo, alƙaluma suka nuna abin da malamai suka riga suka gani. Kafin annobar, kusan ɗaya cikin goma na 'yan firamare ne ke kai kwana 20 na fashi. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 adadin ya kai kusan ɗaya cikin huɗu. Tsarin da aka gina don ya kamo 'yan tsiraru da suka zame, sai ga shi yana kallon rubu'in yara. Ma'aunin kwana 20 ya daina tace komai. Kuma nau'in matsalar ya sauya, domin an sami ƙaruwar yaran da fargaba da damuwa ke hana su shiga makaranta, iyayensu na so, su ma sau da yawa suna so, amma da an isa bakin ƙofa sai jiki ya ƙi.

Maƙwabciyarsu Ingila ta bi hanyar tara. A can ana iya yanke wa iyaye tara ba tare da an je kotu ba, kuma daga Agusta 2024 ta koma fam 80, ta ninka zuwa 160 idan ba a biya da wuri ba. Duk da wannan sanda da ke hannunsu tun kafin annobar, yawan masu fashi a kai a kai ya tashi daga kusan kashi 11 cikin ɗari zuwa sama da kashi 22. Ayalan ba ta da irin wannan tarar ta nan take, kotu ce kawai ke hukunci, kuma sai an ƙure sauran hanyoyi. Ina ganin nan ta fi dacewa. Tara tana iya hana mai hali ɗauke yaransa zuwa hutu ana tsakiyar zango, amma ba ta san hanyar otal ɗin da yarinyarmu ke kwana ba.

Mai taimako da mai kai ƙara a riga ɗaya

Tambayar da ke dawowa a duk bitar irin wannan aiki ita ce ko ya dace mutum ɗaya ya zama mai lallashi kuma mai sammaci. Wasu na cewa a raba: iyaye ba za su saki jiki da wanda suka san zai iya tsayawa gaban alƙali ya ba da shaida a kansu ba. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba.

Duk da haka ba na goyon bayan a tuɓe wa jami'in ikonsa. Akwai yaran da iyayensu suka yi sakaci na gaske, akwai gidajen da ba a buɗe ƙofa sai an ga takarda, kuma yaron da ke irin wannan gida shi ma yana da haƙƙi. Abu mafi muhimmanci kuma, ikon nan shi ne ke sa shugaban makaranta ya ɗaga waya idan jami'i ya kira. Wanda ba shi da doka a bayansa, shawara kawai zai ba makarantar da ta ƙudiri aniyar rabuwa da yaro mai wahalar sha'ani. Matsalar ba haɗuwar ayyukan biyu ba ce. Matsalar ita ce a yawancin makarantu babu wanda ke zuwa kafin shi, sai ya zama fuskar farko da iyali ke gani ita ce mai ɗauke da doka. Da malamar sada gida ta riga shi da wata biyar, da zuwansa ya zama mataki na biyu kamar yadda ya kamata.

Saboda haka duk mai bitar wannan sashe, kafin ya fara zana sabon jadawalin wa ke ƙarƙashin wa, ya nemi a ba shi lissafi ɗaya: kwana nawa ke wucewa tsakanin ranar da malami ya fara damuwa da yaro da ranar da wani babba ya zauna da iyayensa. Ƙaurar 2011 da ta 2014 da ta 2021 duk sun amsa tambayar wace ma'aikata ce mai sashen. Tsawon wannan jiran kuwa yawan ma'aikata ne ke yanke shi, da kuma ko makarantar tana da mai fita zuwa gidaje. Tsarin yanzu, inda manufa ke wata ma'aikata ma'aikata kuma ke wata hukuma, zai iya tafiya, amma da sharaɗin kuɗin sashen ya zama a killace, kada buƙatun gaggawa na kare yara su haɗiye shi. Ma'aikatan shirin kammala karatu kuma suna buƙatar ubangida guda da aiki mai tabbas, domin yaron da ya saba da mutum ba ya sake buɗe bakinsa da sauƙi ga sabuwar fuska.

Akwai wani giɓi a dokar 2000 yadda aka rubuta ta. Tilascin karatu yana farawa ne daga shekara 6, alhali yawancin yaran ƙasar suna shiga firamare suna da shekara 4 ko 5. A waɗannan shekarun farko, lokacin da ake koyon haruffa kuma gida ke sabawa da tashin safe, jami'i ba shi da ikon doka a kan fashin yaro. Ba ina kiran a kai iyayen ɗan shekara 4 kotu ba ne. Abin da nake nufi, a lokacin da magana mai laushi ta fi saurin shiga, a lokacin ne sashen ya fi nisa da iyali.

Yaron da rajista ta ce yana nan

Akwai kuma fashin da rajista ba ta nunawa. Shekaru da dama wasu makarantu sun riƙa rage wa wasu yara sa'o'in karatu: yaro ya zo da safe, a kira suna ya amsa, ƙarfe 11 a kira uwarsa ta zo ta tafi da shi. A takarda ya halarta. Ba a dakatar da shi ba, balle a sanar da jami'i, ba zai kuma taɓa kai kwana 20 ba ko da ya shekara a haka. Wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya binciki lamarin a 2019, ya ji cewa yara masu buƙata ta musamman da yaran Travellers ne abin ya fi shafa. Iyaye da yawa sun yarda ne don an nuna musu cewa in ba haka ba kora ce za ta biyo baya.

Daga Janairu 2022 aka kafa ƙa'ida: ba a rage wa yaro sa'o'i sai da amincewar iyaye a rubuce, sai an sanar da TESS, sai da shirin mayar da shi cikakken yini, kuma bai kamata ya wuce mako 6 ba sai an sake dubawa. Makarantu suna da nasu uzurin da ya kamata a saurara, domin malami guda da yara kusan 30 ba zai iya riƙe yaron da ke buƙatar mutum na kansa ba idan ba a turo mataimaki ba. Amma ƙa'idar ta dogara ne ga makaranta ta kai rahoton kanta. Wadda ta yi shiru, jami'i ba zai sani ba sai in uwa ta san haƙƙinta ta kira, ko kuma shi da kansa yana shiga makarantar a kai a kai har ya lura da kujerar da ke zama babu kowa bayan ƙarfe 11. Jami'in da ke riƙe da gomman makarantu da jerin masu jira ba ya samun wannan sukunin.